Ba Kalli Ba Ya Sa Fuskar Kowa

"…ya iyali, ya kasuwa? To madalla. Ina rigata, Awalu?"

"Lale, Ba Kalli, wushe-wushe. Ga ta can rataye. Na ɗinke aljihun, wuyan ma na yi masa faci."

"Ka bar wushen nan, gaisuwar Barebari ce. Bakin Badamagare ba ya iya ta, sai ka ce akuya na tari. Miƙo mini abata, sauri nake."

Ni ne Awalu tela. Shekara ashirin da biyu ina taka keke a bakin kasuwar Diffa, amma ban taɓa shan wahala irin ta makon nan ba. Jam'iyyar su Ba Kalli za ta yi kongire a Yamai ran Asabar, don ta fid da wanda zai tsaya mata takarar shugaban ƙasa. Mutum uku ke nema, kowannensu ya aiko wa delege-delegen jiha da atamfa mai hotonsa, duk kuma a kaina abin ya ƙare. Duk inda na juya cikin shagon nan sai in ga fuska tana yi mini murmushi. Wallahi har tsarguwa nake in zan kai loma baki.

Ba Kalli delege ne, wato wakili mai ƙuri'a a kongiren. Manomin tattasai, ya ba saba'in baya, kuma tun da na san shi bai canza hula ba, bai canza irin da yake shukawa ba, bai canza jam'iyya ba. Atamfofin nan uku ya kwaso ya jibge mini a kan benci ya ce in ajiye. Abin da ya ce in gyara, tsohuwar farar rigarsa ce ta zuwa Idi. Da zan ɗinke aljihun sai na ciro katinsa na delege na aza a kan keke. Katin nan kuwa, in ba ka da shi, ko ƙofar zauren kongire ba za a bar ka ka leƙa ba. Ganganci na yi, na sani. Ina miƙa hannu zan sauko da rigar sai ga Ya Kaltum ta yaye labule.

Ya Kaltum taubashiyarsa ce, ubanta da uwarsa ciki ɗaya suka fito. Tun da aka tashi mutanen ƙauyen Yebi na bakin kogi saboda rashin tsaro, shekara biyar da suka wuce, take zaune a ɗakin bayan gidansa. In suka haɗu a kasuwa ba sa yin Barbarci, Hausa suke yi, don kowa ya ji ya shaida.

"Salamu alaikum. A'a! Awalu, yaushe ka koma yi wa bayi ɗinki?"

"Na faɗa," in ji Ba Kalli, bai ko waiwaya ba. "Tun asuba idona na hagu ke rawa. Ashe ke ce tafe."

"Tashi ka gai da uwargijiyarka, ɗan mace."

"Uwargijiyar da ke cin tuwon gidana shekara biyar?"

"Wancan tuwon? Taimakonku nake yi. In ban ci ba ko kajinku ba za su kalle shi ba."

"Shi ya sa kwanonki ke dawowa kamar an wanke."

"Tausayin matarka nake ji. Baiwar Allah Aliya, ta auri buhun da ɓera ya gama da shi, ga shi ba ta da inda za ta mayar."

Bakinta na magana, idonta na yawo. Kafin in ankara ta sa yatsa biyu ta tsince katin daga kan keke, ta ƙulle shi tam a bakin lafayarta. Ta ture atamfofin gefe, ta zauna a benci, ta miƙe ƙafa.

"Kaltum, ajiye wannan. Ba abin wasa ba ne."

"Wa ya ce wasa nake? Kayan bawa na uwargijiyarsa ne. Abina na ɗauka."

"Awalu, kana kallo?"

To ni me zan yi? Kowa ya san ƙa'ida. Abin da taubashi ya ɗauka a bainar jama'a ba a fizge shi, ba a yi masa fushi, ba a kai ƙara. Sai fansa, kuma wanda ya ɗauka shi ke yanka ta. Na sunkuyar da kai na shiga neman zaren da bai ɓata ba.

"To faɗi," in ji Ba Kalli. "Turaren wuta kike so? Banda? Goro?"

"Riƙe bandarka. Fansarsa magana ce. Ka gaya mini wa za ka zaɓa cikin mutum ukun nan, da dalili, a gaban Awalu."

"Ƙuri'a sirri ce."

"Bawa ba shi da sirri."

"Yau ga fitina. Mace me ta sani a siyasa?"

"Ranar da aka ce mu bar gari kafin rana ta faɗi, ba a ce maza kaɗai ba. Zauna."

Ya zauna. Ya gyara hular nan tasa da ta ga mulki ya fi biyar, ya harɗe hannu. Ita kuwa ta zaro atamfar farko ta ware ta a cinyarta.

"Fara da mai tabarau. Dokta Abdullatif. Dube shi, yaro fes, haƙoransa duk nasa ne. Da zan rage shekara arba'in da ni zan kai kaina."

"Da ya janye takara."

"Hassada! Da ya zo Diffa har wajen mata ya tako, ya durƙusa ya gaishe mu. Kai ka taɓa durƙusa mini?"

"Ya durƙusa, na gani. Na kuma ga an miƙa masa ruwan randa ya taɓa a leɓe ya ajiye, ya aika a ɗauko masa na roba daga mota. Shekara ashirin yana ƙasar Turawa, cikinsa ya manta da mu."

"Cikinsa za ka zaɓa ko kansa?"

"Kan ma na auna shi. Ba ɓarawo ba ne, wannan na ba shi. Karatu kuwa ya yi har ya yi masa yawa. Amma gaggawa gare shi. Wai kwana ɗari zai gyara ƙasa. Kwana ɗari! Tattasaina ma bai gama nuna ba a kwana ɗari. Irinsu ne ke yin dashe yau, gobe su tumɓuke su duba ko saiwa ta kama."

"Ku tsofaffin da ba ku gaggawa, me kuka tsinana mana?"

"Bari in gama mana. Na tambaye shi zancen gonakin bakin kogi. Ya ce zai tura ɗan jirgin nan marar matuƙi ya ɗauki hoton kowace gona daga sama, a zuba a kwamfuta, kowa a ba shi takarda."

"To ba shi ke nan ba? Ai takardar ake nema."

"Daga sama me zai gani? Wanda ya tarar tsaye cikin gona ranar. Ke da ke zaune bayan gidana kina zagin tuwona, jirgi zai gan ki? Ko gawayi zai gani?"

Ni kaina sai da na daɗe a garin nan na san zancen gawayin. Kogin Komadugu in ya cika ya yi ambaliya, ba shinge ba turke da yake bari, ruwa na janyewa gonaki duk sun koma shimfiɗa ɗaya. Shi ya sa mutanen da, a wajen su Ya Kaltum, suke haƙa rami a kowace kusurwar gona su binne tukunya cike da gawayi, don shi ba ya ruɓa. In gardamar iyaka ta tashi, sai bulama, wato mai gari, ya tara dattawa, a ƙirga taku daga wata bishiya, a tona. Ba a rubuce abin yake ba. A kan tsofaffi yake, tsofaffin kuma kullum raguwa suke.

"To an kori angona Dokta," in ji Ya Kaltum, ta naɗe atamfar. "Allah ya isa tsakanina da kai. Ga sa'anka kuma. Malam Sharif, tsohon minista. Awalu, don Allah dubi hoton nan da kyau. Idonsa biyu ko barci yake?"

Na duba, na sake dubawa. "Ya Kaltum, kamar dai tunani yake."

"Tunanin katifa! A taron da aka yi masa nan garin, ana cikin yi masa kirari ya yi gyangyaɗi har hularsa ta faɗo. Maroƙi ya ɗauka ya mayar masa, bai farka ba."

"Ƙarya kike yi masa," in ji Ba Kalli. "Ya farka. Ya ce madalla, sannan ya koma."

"In ka kai masa takarda yau, jikanka ne zai karɓo amsa."

"Tattaɓa-kunne dai. Ai ni na san shi tun yana da gashi. Shekara talatin yana zaune yana jira a ce masa lokacinsa ya yi. Ba ya gina komai, ba ya rushe komai. Jawabinsa kuwa, da idona na ga jaki ya kwanta ana cikin yi."

"Ɗan'uwansa ya gani cikin delege, shi ya sa ya saki jiki."

"Ya dai hango ki cikin mata ya ce ashe ba shi kaɗai aka gayyata ba."

Dariya ta ƙwace mini har na karya allura. Amma ita ba ta yi ba. Ta ajiye Malam Sharif a kan Dokta, ta jawo ta ukun, wannan karon ba ta ware ta ba. Ta dai riƙe ta tana murzawa da yatsa.

"Awalu, wannan fa?"

Tela ba ya yi wa yadi ƙarya. "Gaskiya, Ya Kaltum, ta fi sauran. Na jiƙa ƙyallenta, ba ta zuba."

"Ai dole. Alhaji Rufa'i mai kamiyo ɗari biyu, manyan motocin kayan nan." Ta dubi Ba Kalli. "An kori yaro, an kori tsoho. Saura wa ke nan?"

"Ke kika iya ƙirga."

"Na iya kuwa. Na kuma iya ji. Nuraddeen, sakataren jam'iyyarku, shi ya tsaya a tasha jiya yana shela, wai delegen Diffa duka na Alhaji ne, ba ragi. Wai Alhaji ya aiko da kar mai sanyi, doguwar motar fasinjan nan, yau bayan azahar zai tashi, kuma ba mai shiga sai wanda ya sa atamfar nan. Shekaranjiya kuma da idona na ga ka fito da ita a hammata ka nufo wajen Awalu. Ko ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ba."

"Ka ji abin da Alhajin naku ya faɗa a rediyo?"

"Na ji."

"Maimaita mini, in ba kunya."

Ba Kalli ya ƙi. Ita ta maimaita. Wai duk gonakin bakin Komadugu da aka bari ba a nomawa, za a haɗe su a yi babbar gona ɗaya ta zamani, da injuna da komai. Wai gonar da ba takarda, ba ta da mai ita.

"Ba ta da mai ita!" Muryarta ta tashi har mai shayin da ke gefena ya leƙo. "Gonar da kakanmu Babakura ya sare da hannunsa. Ubana ya noma ta, mijina ya noma ta har ya mutu, ni na noma ta shekara tara ni kaɗai da moto-pompi, injin ban ruwa mai tari. Ni na bar ta don ganin dama? Da ƙafa na fito, Kalli, da lafaya ɗaya da tukunya. Shekara biyar kullum in na kwanta sai na zaga ta a raina, kusurwa-kusurwa, don kada in manta. Tsoro nake ji, ka ji na faɗa maka. Tsoro nake in mutu a bayan gidanka a ce ban taɓa mallakar komai ba. Kai kuma ka shiga kar mai sanyi ka je ka ɗaga hannu a ba da ita? Wallahi gara in jefa katin nan cikin kogi, kifi ya zama delege."

Na daina taka keke. Shekara da shekaru ina jin su suna zagin juna, ban taɓa jin ta kira shi da sunansa tsurarsa ba, kullum sai bawa, sai ɗan mace. Na ji kunyar dariyar da na yi ɗazu.

Ba Kalli ya miƙe tsaye. Na zaci zai karya ƙa'ida ya yi fushi, kuma fushin ya yi, amma ba irin wanda na zata ba.

"Awalu! Me na ce ka yi da atamfar nan?"

"Ka ce in ajiye."

"Na ce ka yanka?"

"A'a."

"Na ce ka auna ni?"

"Ko kusa."

"Kin ji. Shekara saba'in kina kallona, tsohuwar banza, yaushe kika taɓa ganin na rataya fuskar wani ƙato a ƙirjina? In sa ta in yi salla da wa, ni ko shi? Ubana bai sa ba, ni ba zan fara da furfura ba."

"To Nuraddeen…"

"Nuraddeen! Yaron da na je sunansa. Jiya bayan la'asar ya zo mini har gona da takarda, wai umurni ne daga sama. Na ce masa sama ɗaya na sani, kuma ba daga can takardarsa ta fito ba. Na ce jam'iyyar nan muna ɗaukar ta a ka tun ba ta da ko benci, lokacin Alhajinsa na can wata jam'iyyar yana zaginmu. Bara waccan ya shigo, bana yana son kujerar gaba. Mutumin da ya canza jam'iyya uku, ya rushe gidan ubansa ya yi garejin mota, shi zan ba riƙon ƙasa? Wanda bai bar katangar ubansa ba zai bar tukunyar kakana?"

"Sai ya ce me?"

"Sai ya zaro biro ya soke sunana daga kar."

Ya Kaltum ta aza atamfar a kan sauran. "To da me za ka? Da jakin da ya kwanta?"

"Kamiyon tattasai na tashi zuwa Damagaram kafin azahar. Na yi magana da direba, akwai wuri a sama kan buhuna. Daga can in nemi wata. Yau Talata, ko da rarrafe ne na isa Yamai kafin Asabar. Sun soke ni daga mota, ba su soke ni daga zaure ba. Wannan sai ke da ke riƙe da katina."

"Kan buhunan tattasai? Kai? Da wannan ƙugun naka da ke ƙara kamar ƙofar langa-langa? Atishawa kaɗai za ta kashe ka kafin ka kai garin Maine."

"In na mutu ki gaji hulata."

"Allah ya kiyaye, ko tsuntsu ba zai yi sheƙa a ciki ba. Tsaya tukuna. In ba Alhaji ba, ba Dokta ba, wa za ka sha wannan wahalar dominsa?"

Ba Kalli ya sunkuya ya zaro atamfar tsakiya ya ɗaga.

"Mai barcin?" Ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Awalu, kawo ruwa, bawana ya zautu. Kai da bakinka ka ce ba ya gina komai!"

"Na kuma ce ba ya rushe komai. Ke rabin magana kike ji, shi ya sa aurenki da Dokta bai yiwu ba. Kin tuna shekarar babban ruwa, da kogi ya shafe gonakinmu har aka zare wuƙaƙe tsakanin gidan bulama da mutanen ƙetare?"

"Ina goyon ƴata Mariama lokacin."

"Wa aka turo?"

"Wani siririn sufurefe mai kunnuwa, kantoman yankinmu."

"Shi ne wannan. Kowa ya ce zai zauna a inuwa ya yanke hukunci da biro ya koma. Sai mutumin nan ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya bi bayan dattawa cikin laka kwana uku. Ba gabansu ba, bayansu. Ana ƙirga taku yana shiru, ana tono yana shiru. Da tukunya ta fito sai ya ce, abin da gawayi ya faɗa shi gwamnati ta faɗa. Bai ƙara ko kalma ba, aka mai da wuƙaƙe kube. Ina wurin, ni na riƙe masa takalman."

"Yau shekara nawa? Yanzu ko takalmin ba zai iya tuɓewa da kansa ba."

"Na tambaye shi da ya zo, bayan ya farka. Na ce, ranka ya daɗe, gonakin da mutanensu suka gudu fa? Ya ce, a bar su, masu su na nan tafe. Shi ke nan abin da ya ce."

"Shi ke nan? A bar su? Wannan ne shirin nasa?"

"Wannan ne. Ni kuma ya ishe ni."

"To ni bai ishe ni ba! Masu cewa a bari, a jira, su suka bar ni shekara biyar ina shaƙar hayaƙin murhun matarka. Mai barcin nan zai mai da ni gida?"

"Ba zai mai da ke ba." Ya faɗa a hankali, ya koma ya zauna. "Ba zan yi miki ƙarya ba, Kaltum. Na dube su su uku, ban ga mai mai da ke ba. Ɗaya zai ba wani ita da takarda, ɗaya zai haɗiye ta da inji, ɗaya zai manta da ita. Ni mai mantawar nake so. Ranar da Allah ya buɗe hanya, ki je ki tarar da ita inda kika bar ta."

"Ba zai ci ba fa."

"Na sani. In ya sami ƙuri'a ashirin a yi masa guɗa."

"To wahalar me?"

"Nuraddeen ya ce Diffa duka, ba ragi. Ina so in an ƙirga a ga ragi. Kuma kowane delege yana da minti uku a gaban lasifika. Nawa ban sayar ba. Zan tsaya da farar rigata a tsakiyar fuskokin nan dubu, in gaya musu gonakin bakin Komadugu suna da masu su, kuma na san su da sunansu."

Ta ja hanci, ta goge da gefen lafaya, ta ce ƙurar tattasan kasuwar nan ta dame ta. Alhali ko buhu ɗaya babu a layinmu.

"Baki ne da kai," in ji ta. "Wa ya sani ma ko ka tuna? Kan da hula ɗaya ta dafa shekara arba'in. Fansa ta ƙaru. Zaga mini gonar, ina ji."

"Kin ga zalunci, Awalu?" Amma ya rufe ido. "Daga goruba mai kai biyu, ka ba kogi baya, taku sittin zuwa tukunyar farko. Ka juya gabas, taku tamanin da uku, akwai tsohuwar rijiyar da ta rufta, tukunya ta biyu na hannun dama da ita. Ka gangaro wajen tsamiyar da aradu ta tsaga, ta uku na nan. Daga nan zuwa iyakar da ke tsakaninki da rabon uwata, taku arba'in da huɗu."

"Da shida!"

"Da huɗu."

"Ɓarawo! Awalu, ka shaida! Yana cewa Alhaji zai haɗiye, ashe shi ya fara gutsura. Taku biyun nan tun uwarsa na da rai suke ja da mu."

"Da ƙafar kaka aka auna, ba da guntuwar ƙafarki ba."

"Kaka ya ce da shida, ina tsaye!"

"Kina tsaye ina? Kina can kina cin ƙasa."

Sai ta fashe da dariya, irin wadda ke fitowa da hawaye, ta buga cinya. "Amma ka tuna tsamiyar. Wallahi ni har na fara mantawa da tsamiyar." Ta jawo atamfar Alhaji ta wurgo mini a kan keke. "Awalu, ka ce ba ta zuba?"

"Ba ta zuba."

"To yanka. Ninka biyu, ka ɗinke gefe uku, ka cusa duk ƙyallayen da ke ƙarƙashin kekenka. Bawana ba zai hau buhu da ƙashi tsirara ba, a ce uwargijiyarsa ba ta kula da dukiyarta."

Ban taɓa yin ɗinki da sauri haka ba. Da na zo rufe bakin sai na tsaya. "Ya Kaltum, fuskar ta kalli ciki ko waje?"

"Waje mana. Sama."

"Kai, a'a," in ji Ba Kalli. "Wannan ba tarbiyya ba ce. Ko ba na son sa, babban mutum ne. Ba a zama a kan fuskar babba."

"Kai ka ce ba ka sa shi a ƙirji. Ni na ce ƙirji? Ya yi alkawarin kai delegen Diffa Yamai duka, ba ragi. To ga shi zai kai ka, ya cika alkawari."

Ba Kalli ya yi ta maza, ya yi ta maza, abin ya fi ƙarfinsa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hular nan da ba ta taɓa motsi ba ta zame gefe. Ya zura farar rigarsa, ya sa matashin a hammata. Ita kuma ta kwance bakin lafaya da haƙori, ta ciro katin, ta tura shi da kanta cikin aljihun da na ɗinke, ta daddanna.

"In ka tashi magana ka faɗi sunana," in ji ta.

"Zan ce gonar wata masifaffiyar tsohuwa ce mai cin tuwon mutane."

"Ka ce Kaltum ƴar Abbakar ɗan Babakura. Ka faɗa da ƙarfi, mai barcin ma ya ji."

"Na ji."

"Ka rufe hanci da rawani. Kada ka mutu a hanya ka ja mini asara."

Ya yaye labule ya fita. Ana jin kamiyon can bakin tasha yana ta oda. Ya yi taku uku ko huɗu, sai ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Kaltum."

"Me kuma ka manta?"

"Arba'in da shida ne."

Ya wuce abinsa, da Alhaji a hammata. Ya Kaltum ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Ba ta rama ba, karo na farko tun da na san ta.